Fitilar LED: haske ba tare da ƙuna ba

A wannan karo filinmu zai yi magana a kan fitila. Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, ko ma kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, zai tarar da tebura cike da tocila da ƙananan fitilu masu farin haske. Wasu da pil suke aiki, wasu da kuran ake cika su, wasu kuma da hasken rana. In muka leƙa cikin kowace ɗaya, za mu ga wasu ƴan ɗigo-ɗigo masu launin rawaya, ko wani ɗan ƙwai na roba mai kama da gilashi, wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Su ne ake kira LED, ana faɗi "led". Haruffan nan uku taƙaitaccen suna ne daga Ingilishi. Ma'anarsa ita ce: ƙwayar da take fitar da haske idan wutar lantarki ta ratsa ta.

Mun saba da waɗannan fitilu har mun fara mance da na da. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dalilin da ya sa pil biyu suke yin makonni a cikin sabuwar tocila, alhali kuwa tocilar iyayenmu cikin ƴan kwanaki take shanye su. Wannan tambaya ba ta ƴan boko ba ce su kaɗai. A shekarar 2021, masu kuran a gida a ƙasar Nijar ba su kai mutum 20 cikin 100 ba, kuma mafi yawansu a birane suke. Watau mutumin karkara da kuɗin aljihunsa yake sayen hasken dare, yau kwalbar kananzir, gobe pil, kuma kuɗin nan daga cikin na cefane yake fita. Wanda ya gane yadda fitila take aiki ba a cika cutarsa a kasuwa ba, kuma abin da ya saya yakan daɗe a hannunsa.

Fitilun da duk ƙuna suke yi

Mu fara da abin da muka sani. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai hanyarsu ɗaya ce. Lagwani yana tsotso kananzir, wuta tana ci. A cikin harshen wutar akwai ɓurɓushin gawayi ƙanana ƙwarai. Zafi ne yake gasa su har su ba da hasken nan mai rawaya. Waɗanda ba su ƙone sarai ba su ne suke tashi su zama baƙin hayaƙi, su manne a kwalbar fitila, da rufin ɗaki, da cikin hancin mai karatu. Ke nan hasken fitilar kananzir ɗan ragowa ne kawai. Mafi yawan man da muka saya zafi da hayaƙi yake zama.

Tsohon ampul na kuran, wanda wasu ke kira ƙwan lantarki, shi ma ɗan gidansu ne, ko da yake ba ya hayaƙi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ƙarfe yake yi a cikin wuta. Da fari baƙi ne. In ana zuga sai ya yi ja, sannan ya koma rawaya, in wuta ta yi ƙarfi ƙwarai ya yi fari fat. To, abin da ke faruwa ke nan a cikin ampul. Akwai wani siririn zare na ƙarfe mai suna tangistan, bai kai kaurin gashin kai ba. Kuran yana bi ta cikinsa da ƙyar, sai zaren ya ɗauki zafi har wajen digiri 2,500. Mu tuna, ruwa a digiri 100 yake tafasa, baƙin ƙarfe kuwa a wajen 1,500 yake narkewa. An zuƙe iskar da muke shaƙa daga cikin kwalbar, shi ya sa zaren ba ya ƙonewa nan take. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya fito da ampul mai zare a shekarar 1879, kuma irin wannan ampul ya haskaka biranen duniya fiye da shekara 100.

Amma yana da babban aibi. Cikin kashi 10 na kuran da ya ci, fiye da 9 zafi suke zama. Duk wanda ya taɓa kai hannu ga ampul mai ci ya san haka. Kamar mutum ne yana jan ruwa da hudajjen wasaki: ya sha wahalar ja, amma abin da ya iso bakin rijiya bai cika moɗa ba.

Daga baya aka kawo dogon ampul da muke kira neyon, da ɗan uwansa mai murɗewa. Sun rage cin kuran sosai. Sai dai a cikinsu akwai ɗan zaiba, ita kuwa guba ce. In irinsu ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga iska ta shiga, a kwashe kwalbar da kwali, ba da hannu ba.

Mi ke cikin ƙwayar LED?

LED ba ta da lagwani, ba ta da zare, ba abin da ke ƙonewa a cikinta. A tsakiyarta akwai ɗan guntun ma'adini wanda bai kai ƙwayar gero ba. Ba a haka ake haƙo shi ba, a masana'anta ake haɗa shi, hawa bisa hawa. Shi ba ƙarfe ba ne, wanda wutar lantarki ke bi a sake. Ba kuma roba ba ne ko busasshen icce, masu hana ta wucewa. Tsaka-tsaki ne: yana barin ta ta wuce, amma bisa sharaɗi.

A nan ya kamata mu san mi ce ce wutar lantarki. Ko da yake wuta muke ce mata, ba irin ta murhu ba ce. Tafiya ce ta wasu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, masana suna kiransu elektaron. Suna gudana cikin waya kamar yadda ruwa ke bin tiyo a lambu. Pil ko batir shi ne yake tura su, kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa.

Guntun ma'adinin nan gefe biyu gare shi. Domin mu gane, mu ɗauki misalin shuka. Mai sara yana gaba da sungumi yana buɗe ramuka, mai zuba iri yana biye da ƙwarya a hannu. To, gefe ɗaya na ma'adinin kamar ƙwaryar iri yake: an haɗa shi yadda zai kasance da rarar elektaron. Ɗaya gefen kamar gonar da aka sare: cike yake da gurabe, watau wuraren da elektaron ya kamata ya zauna amma babu shi. In ba a kunna fitila ba, kowa yana gefensa, akwai iyaka a tsakani. Da an kunna, sai pil ya tura elektaron su ƙetare iyakar, kowane ya faɗa cikin gurbi.

A wajen faɗawar nan haske yake fita. Elektaron ya taso da ƙarfi mai yawa, gurbin da ya faɗa kuwa ba ya ɗaukar wannan ƙarfi duka. Rarar da ta saura ita ce take fitowa a matsayin ɗan ƙyalli. Ƙyalli ɗaya ba komi ba ne. Amma a ƙiftawar ido guda, miliyoyin miliyoyi ne suke faɗawa, sai mu ga haske tsaye ba yankewa. Guraben kuwa ba su cika, domin pil yana janye elektaron ta ɗaya bakin, sababbin gurabe suna buɗewa.

Asirin ƙarancin cin ke nan. Tsohon ampul sai ya mai da kuran zafi tukuna, sannan zafin ya ba shi ɗan haske. Ta hannun dillali yake ciniki, dillalin kuma shi ke cin kaso mafi tsoka. LED kai tsaye take mai da kuran haske.

Wannan iyaka hanya ɗaya take buɗewa. Kowa yana iya gwadawa: a juya pil a tocilar LED, kai ya koma gindi, ba za ta kama ba. Saboda haka, kafin mu ce tocila ta mutu, mu duba alamar + da alamar − tukuna. Kuran na gida kuwa ba hanya ɗaya yake bi ba, kai da komo yake yi sau 50 a daƙiƙa guda, kuma ƙarfinsa bolt 220 ne, alhali ƙwayar LED wajen bolt 3 take bukata. Domin haka ne a gindin kowane ampul na LED aka ɓoye wata ƴar na'ura, mai rage ƙarfin kuran, mai kuma miƙar da shi hanya guda. Mu riƙe zancen wannan na'ura, za mu komo gare ta.

Daga ja zuwa fari

Launin hasken LED ba fenti ba ne. Irin ma'adinin ne yake yanke shi. In muka jefa dutse a gajerar rijiya da kuma mai zurfi, ƙarar ba ɗaya ba ce. Haka nan, in faɗawar elektaron gajera ce, haske ja yake fita. In ta ƙara zurfi, kore. In ta yi zurfi ƙwarai, shuɗi.

Jan ne aka fara samu. Nick Holonyak, wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, ya yi shi a 1962. Dattawanmu sun san shi: shi ne ɗan jan idon nan da ke jikin rediyo da rakoda. Rawaya da kore suka biyo baya. Shuɗi kuwa ya ƙi samuwa har wajen shekara 30, kuma in babu shuɗi ba a samun fari. Shi ya sa duk tsawon lokacin nan LED ba ta wuce ƴar alama a jikin kaya ba, ba ta iya haskaka ɗaki.

Mutum uku ƴan ƙasar Japan ne suka warware matsalar. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano, a jami'ar birnin Nagoya, sun daɗe suna fama da wani ma'adini da ake haɗawa daga ƙarfen galiyom, wanda yawancin masana suka riga suka fid da rai da shi. Shuji Nakamura, ma'aikacin wani kamfani mai suna Nichia, shi ma a kansa ya duƙufa, har ya fito da shuɗiyar LED mai haske sosai a 1993. Farar ta shiga kasuwa a 1996. A 2014 aka ba su ukun lambar girma ta Nobel, kuma masu ba da lambar sun ambaci mutanen duniya fiye da miliyan 1,500 waɗanda a lokacin wayar kuran ba ta kai gare su ba. Mu muna cikin waɗanda ake nufi.

Yanzu, domi ƙwayar take rawaya in an kashe ta, amma fari take haskawa? A ƙarƙashi shuɗiya ce. An shafe ta da wani gari mai launin rawaya. Wani sashe na shuɗin hasken yana ratsa garin ya wuce. Wani sashen garin yana shanye shi, ya mai do shi rawaya. Idonmu in ya ga shuɗi da rawaya a gauraye, fari yake gani. In aka canza haɗin garin, sai a samu fari mai jan rawaya kamar na hantsi, ko fari mai jan shuɗi.

Mu yi lissafi

A jikin kwalin ampul akwai lambobi biyu da ya wajaba mu bambanta. Na farko shi ne wat, ana rubuta shi da harafin W. Wat shi ne abin da fitila take ci. Na biyu shi ne luman, ana rubuta shi lm. Luman shi ne hasken da take bayarwa. A da mun saba tambayar mai kanti, "Wat nawa ne?" muna zaton mai wat da yawa shi ne mai haske. Amma ba a yabon saniya don yawan cin dusa, sai don yawan nono.

Tsohon ampul mai wat 60 yana ba da luman wajen 800. Mai murɗewa yana ba da wannan haske da wat 13 zuwa 15. Ampul na LED mai kyau, wat 9 ya ishe shi. Kyandir guda luman wajen 12 gare shi, aci-bal-bal ma a nan kusa take. Ƙwayar LED mai wat 1 tak tana ba da luman 80 zuwa 100.

Ga mai kuran a gida, ga yadda abin yake. Ampul mai wat 60, in yana ci awa 5 kowane dare, wat-awa 300 ke nan. A wata, 9,000, watau kilowat-awa 9. Na LED mai wat 9, a dare wat-awa 45, a wata 1,350. Ke nan hasken da ake biya wa jika 1, watau dala 200, da tsohon ampul, dala 30 ne kuɗinsa da LED. Ɗakin bai rage haske ba ko kaɗan.

Ga mutumin ƙauye kuwa, lissafin ya fi haka nauyi. Mu ɗauki ƙaramin farantin hasken rana, wanda muke kira pano, mai wat 10. A yini guda mai rana, abin da zai tara a batir, bayan an cire hasarar hanya, wajen wat-awa 40 ne. In aka ɗaura masa tsohon ampul mai wat 60, cikin minti 40 ya shanye aikin yini. Amma fitilun LED uku, kowace wat 3, za su yi awa 4 suna ci: ɗaya a ɗakin uwargida, ɗaya a zaure, ɗaya a tsakar gida. Rana tun fil azal muna da ita, pano ma ya daɗe da zuwa. Abin da ya sa hasken rana ya shigo gidan talaka shi ne samun fitilar da ɗan ƙaramin pano zai iya ciyarwa.

Sai daɗewa. Tsohon ampul wajen awa 1,000 yake yi zaren ya tsinke. A awa 5 kowane dare, bai cika wata 7 ba. Masu ƙera LED suna rubuta awa 15,000, wasu har 25,000. Awa 15,000 ta haura shekara 8. Amma wannan alkawari ne na kaya mai kyau a wuri mai sanyi. Za mu ga abin da ke rage shi a ƙasarmu.

Abin da ya shafi lafiyarmu

Hayaƙin kananzir yana shiga har cikin huhu. Yaro mai bitar karatu, da mace mai tsince hatsi da dare, su ne suka fi kusantar da fuska ga fitila, su ne kuma suka fi shaƙa. Yana sa tari da ƙaiƙayin ido, yana tsananta wa mai ciwon fuka. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta shawarci jama'a su guji aiki da kananzir a cikin gida. Ga kuma gobara. Ɗakin bunu, da zana, da sange, da zanen gado, duk ba su jure wa fitilar da akuya ko yaro ya ture. In kuwa an gauraya kananzir da esansi, fitilar tana iya fashewa a hannun mai kunnawa.

Akwai wani haɗari da ba a cika faɗi ba. Ana zuba kananzir a kwalbar ruwa ko ta lemo, yaro mai ƙishirwa ya ɗauka ya sha. In haka ta faru, kada a sa shi amai, domin a wajen amai man yake faɗawa huhu, nan ne kuwa ya fi yin ɓarna. Kada a ɗura masa nono ko mai. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a kai shi likita nan da nan. Gidan da ya koma LED ya rabu da wannan kwalba ɗungum, kuma a ganinmu wannan riba ta fi ta kuɗi.

Tocila a hannu kariya ce a hanyar bayan gida da ta lambu, musamman a bazara da farkon damana, lokacin kunama da kububuwa. Tocilar goshi kuma tana sake wa ungozoma hannuwanta biyu in haihuwa ta zo da tsakar dare. Sai dai launin idon jinjiri da na fatarsa, in ana tsoron shawara, da hasken rana ake duba su, ba da fitila ba.

Ita ma LED tana da nata ladabi. Haskenta daga ɗan ƙaramin wuri yake fita, shi ya sa yake da kaifi. Kada a ƙura mata ido, kada yara su dalla wa juna, balle jinjiri. Fari mai jan shuɗi, in ya yi yawa da dare, yana jinkirta barci, kuma ya fi jan ƙwari. A rataye irinsa nesa da ƙofar ɗaki da kwanon abinci. Sauro kuwa numfashinmu da warin jikinmu yake bi. Ba fitilar da za ta maye gurbin sange, watau gidan sauro.

A rumbu da akurki

Duk wanda zai leƙa rumbu da dare, ko ya duba tarin harawa da kara, tocila ya kamata ya riƙe, ba wuta mai harshe ba. Hatsin shekara ba abin kasada ba ne.

Masu kiwon kaji suna da amfani biyu. Na farko, duba ƙwai. Kaza kwana 21 take kwanci, ƙwan zabo kuwa 26 zuwa 28. A kwana na 7 zuwa na 10, a shiga ɗaki mai duhu, a manna bakin tocila a jikin ƙwan. Mai ɗa za a ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda yake garau ba komi, ba zai ƙyanƙyashe ba, a cire shi kafin ya ruɓe ya ɓata sauran. Ɓawon ƙwan zabo yana da kauri, sai da tocila mai ƙarfi. Da yake LED ba ta zafi a gaba, ba ta cutar da ɗan da ke ciki.

Na biyu, kajin ƙwai da ake tsarewa a ɗaki sun fi yin ƙwai in suna samun haske awa 14 zuwa 16. Yininmu kuwa tsakanin awa 11 da 13 yake. Ƙaramar fitila ta awa 2 ko 3, da asuba ko bayan magariba, tana cike giɓin. A riƙa kunnawa lokaci ɗaya kullum, kada a bar ta ta kwana, kuma haske ba ya zama madadin abinci da ruwa.

Ga wani wuri kuma da LED ba ta da amfani. Ƴan tsaki a makonsu na farko suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35. Masu kiwo sun saba rataya musu tsohon ampul a hunturu, kuma zafin suke nema, ba hasken ba. Wanda ya canza shi da LED don tattali, zai wayi gari ƴan tsakinsa sun taru a lungu sanyi ya kashe su. A nan, aibin tsohon ampul shi ne amfaninsa.

Zafi ne abokin gabarta

Mun ce ba abin da ke ƙonewa a cikin LED, amma ba mu ce ba ta yin zafi sam ba. Wajen rabin abin da ta ci, ko fiye, har yanzu zafi yake zama. Zafin a bayan ƙwayar yake taruwa, kuma ita ba ta jure shi kamar tangistan. Domin haka ake ɗora ta bisa alminiyam, irin wanda ake zuba tukwane da shi, don ya janye zafin ya ba iska. In zafin bai samu mafita ba, haske yana dushewa da wuri, ƴar na'urar nan ta gindi kuma ta gasu. Sau da yawa ita ce take fara mutuwa, ƙwayar tana nan da ranta. Alamarta ita ce ampul ya riƙa ƙyafƙyafta.

A watannin Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, a Tawa ko a Yamai, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka kada a manna ampul a jikin kwano, a sauko da shi ƙasa kaɗan inda iska ke kaɗawa. Kada a rufe shi cikin kwalba ko gwangwani marar huda. A riƙa share masa ƙura bayan an kashe shi. In kuran yana hawa yana sauka, ko janareta yana tangal-tangal, gara a kashe har ya daidaita. A kuma lura: akwai ampul na batir mai bolt 12, ana rubuta 12V, akwai na kuran mai 220V. Kamarsu ɗaya a ido. In aka sa na 12 a kan 220, nan take ya ƙone.

LED mai kyau ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, a hankali take tsufa. Awowin da aka rubuta a kwali yawanci suna nufin lokacin da haskenta zai ragu zuwa kashi 7 cikin 10.

A gaban mai tebur

Araha ba ta ado. Kasuwa ta cika da fitilu masu manyan lambobi a kwali da ƙaramin aiki a ɗaki. Yanzu da muka iya karatu, mu karanta kwalin da kanmu. Mu nemi lm. Ampul na kirki yana ba da luman 80 zuwa 100, ko fiye, a kan kowane wat. Kwalin da bai nuna luman ba sam, a yi hattara da shi. Yawan ɗigo-ɗigon rawaya ba shi ne haske ba. A ɗaga ampul a ji: wanda yake sakayau kamar fanko, da wuya a ce yana da isasshen alminiyam. Akwai kuma lamba mai harafin K, ita ce ta launi. 2700K zuwa 3000K fari ne mai jan rawaya, ya dace da ɗakin kwana. 6000K zuwa 6500K fari ne mai jan shuɗi. A kunna a gani kafin a biya. In fitilar rana ce mai tsada, a nemi takardar garanti mai ɗauke da ranar saye.

A fitilar rana, batir ne yake riga kowa tsufa, shi ma zafi ne yake cinye shi. In pano da fitila waya ce ta haɗa su, pano ya sha rana, fitila ta zauna a inuwa. A fuskantar da pano kudu, a ɗan karkata shi, a goge shi da tsumma mai laushi, musamman a hunturu lokacin da ƙura ke rufe komi. Kada a ajiye fitila wata da watanni batirinta babu komi. Matattun pil kada a jefa su wuta, ko kusa da rijiya, ko inda yara za su fasa su. Babban batir irin na mota yana da dalma da ruwa mai ƙuna, a mai da shi ga masu saye, ba a fasa shi a tsakar gida ba. Ɗan ƙaramin pil mai kama da maɓalli kuwa, in yaro ya haɗiye shi, a ruga likita ko da bai nuna ciwo ba.

Ga aikin da za mu yi a aji wannan mako. Wani gida yana da ampul 3, kowane wat 60, suna ci awa 4 a dare. Wat-awa nawa ke nan a dare ɗaya? In aka canza su da na LED masu wat 9, nawa zai zama? Sannan, pano da ya tara wat-awa 40, awa nawa zai riƙe fitila mai wat 5? Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa ya nuna wa malami, wanda yake da kwalin ampul a gida kuma ya zo da shi, mu karanta W da lm da K tare.